Tsohuwar karyar maigidana ba ta da mai ɗauka, in kai ta gidana?

Direba daga Hotoro:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san sha'anin karnuka ya taimaka.

Shekara 9 ina tuƙa wani dattijo ɗan Labanon a Bompai. Watan jiya ya rasu, iyalinsa kuma suna haɗa kaya za su koma ƙasarsu. Komai sun raba, saura wata 'yar karya fara mai gashi da ya raina tun tana kwikwiya. Shekararta 13, nauyinta bai wuce kilo 5 ba. Ta kurumce, idonta ya yi yana, bakinta na wari, da dare kuma sai tari kamar ƙaya ta maƙale mata. Ga cizo da ta tsira: ka taɓa ta tana barci sai ta kawo maka cafka. Har mai aikin gidan ta taɓa kamawa a hannu.

Wani ya ce a kai ta bayan gari a sake. Ni kuwa duk shekarun nan ni nake kai ta asibitin dabbobi a kujerar gaba, ko yanzu in na shigo sai ta shinshino ni ta zo ta kwanta a kan takalmina. Wallahi abin ya hana ni barci. Amma yarana uku, ƙaramar shekararta 3, uwargida kuma ta ce najasa ba za ta shigo mata tsakar gida ba. Ya zan yi?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙananan karnuka sukan kai shekara 14 zuwa 16, kenan riƙon ba mai tsawo ba ne, amma akwai ɗawainiya. Kafin ta taka gidanka ka karɓi katin allurarta, ka duba yaushe aka yi mata ta haukan kare. Duk shekara ake sabuntawa. In ta wuce lokaci a yi mata tukuna.

Cizon nan ba mugunta ba ce. Dabbar da ba ta ji ba ta gani sosai, hannu kawai take ji ya sauka a jikinta, dole ta firgita. Ka riƙa buga ƙafa a ƙasa kafin ka matso, za ta ji motsin, sannan ka miƙa mata bayan hannunka ta shinshina. Sau da yawa ma ciwon haƙori ne ke sa su faɗa, warin bakin da ka faɗa alamar hakan ce. Tarin dare a irin wannan shekaru yakan zama daga zuciya ko maƙogwaro, sai likita ya saurari ƙirjinta. Ka cire mata abin wuya, ka sa irin wanda ake ɗaurawa a ƙirji.

Roƙona ɗaya: kada ka ba ta farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, yana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa su ma guba ne gare ta, don haka ban da ragowar miya. Shinkafa mai laushi da tsokar kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya. Kuma ka tuna zafin Kano na Afrilu, kare da haki yake rage zafi, mai ciwon zuciya ba ya jurewa. Inuwa da ruwa kullum.

Dattijo daga Gwale:
Ɗana, Allah ya saka maka da wannan tausayi. Ka faɗa wa iyalinka a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke kwano sau bakwai in ya sa baki umarni ne muke bi. Sai dai akwai hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, wannan kuma ko gadi ba za ta iya ba. Ga kuma mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare. Ka je wa malamin unguwarku da maganar yadda take. Amma sakinta a jeji kam, kisa ne da yunwa, kada hannunka ya shiga.

Maman yara, Tarauni:
Ni dai ina bayan matarka. Yarinya 'yar shekara 3 ba ta san a buga ƙafa ba, gashin za ta gani ta damƙa, fuskarta kuma daidai bakin karyar take. Kai kana fita aiki, wa zai tsare? In ba ka da wurin da ke da ƙofa mai sakata, ka nema mata wani a Sabon Gari, akwai masu riƙon irinsu. In tsautsayi ya sa ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti, kada a tsaya shafa magani.

Direba daga Hotoro:
Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta shige ni. Akwai ɗan ɗakin ajiya a zaure mai ƙofar ƙarfe, uwargida ta amince in dai karyar ba za ta wuce nan ba, kuma ni zan riƙa wanke kwanonta. Na karɓi katin, allurar saura wata huɗu. Gobe zan je wurin Malam bayan Asuba. Likita, gashin nan nata fa, in aske shi kafin bazara ko in rage kawai?