Me ya hana Dune kashi na biyu tasiri a Oscar?

Mai Kallo: Jama'a, ina neman ƙarin haske. Dune kashi na biyu ya tara sama da dala miliyan 700 a sinima, masu sharhi sun yabe shi, amma a Oscar ta 2025 gurbi biyar kawai ya shiga, ya ci biyu. Kashi na farko kuwa goma ya shiga, ya ci shida. Ko sunan darakta Denis Villeneuve ba a sa ba. Ina gizo ke saƙar?

Baban Hajara: Malam, fara da yadda ake zaɓen. Masu ƙuri'a kusan dubu goma ne, an raba su rassa. Daraktoci ne ke fitar da 'yan takarar darakta, masu sauti su fitar da na sauti, haka har ƙarshe. Gurbin fim mafi kyau ne kowa ke sa hannu tun daga farko, kuma reshen da ya fi yawan mutane shi ne na jarumai. Jarumi fuska yake nema da zance mai nauyi. Fim ɗin da ƙarfinsa ke cikin hamada da jirage da manyan tsutsotsi, ma'aikatan bayan kyamara ne ke ganin wahalarsa. Shi ya sa abin da ya ci shi ne sauti da dabarun kwamfuta, kuma ko jarumi ɗaya daga cikinsa bai shiga takara ba.

Sai ƙidayar. A gurbin fim mafi kyau, jera finafinan ake yi daga na ɗaya zuwa ƙasa. In babu wanda ya haura rabin ƙuri'un "na ɗaya", sai a cire na ƙarshe, a raba takardunsa ga zaɓinsu na gaba, a yi ta yi har wani ya haura. Fim ɗin da mutane da yawa suka sa na biyu ko na uku yakan wuce wanda wasu ke mutuwar so, wasu kuma suka jefa can ƙasa don labarin wata duniya ba ya shiga ransu.

Gwaggo Ta Sinima: Ku haɗa da lokacin fitowa. Nuwamba 2023 aka tsara sakinsa, yajin aikin jaruman Hollywood ya tura shi zuwa 1 ga Maris 2024. 'Yan takara kuwa sai 23 ga Janairu 2025 aka bayyana su. Kusan wata goma sha ɗaya, ai zafin ya huce. Masu farautar kyauta kan bi ta bukukuwan finafinai na Venice da Telluride da Toronto a ƙarshen Agusta da Satumba, sannan su shiga sinima daga Oktoba. Fim ɗin Anora da ya lashe babbar kyautar, wato ta fim mafi kyau, ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, tun Mayu 2024, aka riƙe shi sai Oktoba.

Kiɗan da Hans Zimmer ya yi wa Dune kashi na biyu ma an cire shi daga takara. Doka ta ce in fim ci gaban wani ne, kada abin da aka ɗebo daga kiɗan na baya ya wuce kashi 20 cikin 100. Gurbi guda kenan ya tafi, alhali shi ya ci wannan kyautar da kashi na farko.

Ɗan Fage: Gwaggo, batun Maris bai gamsar da ni sosai ba. Everything Everywhere All at Once a Maris 2022 ya fito, shi ma ƙagaggen labarin kimiyya ne, ya kwashe bakwai har da babbar. Sai dai uku a ciki na jarumai ne, don zuciyar labarin rigimar uwa da 'ya ce. Maganar Baban Hajara kenan ta sake fitowa.

Ni abin da nake gani ya fi cutar Dune shi ne zamansa na tsakiya a jerin kashi uku. Masu ƙuri'a kan ce a bari ya ƙarasa tukuna. Haka aka yi wa The Lord of the Rings: na biyu gurbi shida ya shiga ya ci biyu, ba a sa daraktansa Peter Jackson a takarar daraktoci ba, sai na uku ya share sha ɗaya a 2004.

Mai Kallo: To kenan a sa ido kan kashi na uku?

Ɗan Fage: A sa, amma kar a ɗora buri da yawa. Gravity ya ci bakwai a 2014 har da ta darakta, babbar kuwa 12 Years a Slave ya tafi da ita.