Kuɗin Masu Otal a Haƙar Durɓi Ta Kusheyi: Ya Dace?

Mai otal a Katsina: Jama'a, ga abin da na kawo zaure. Masu otal da masu zagayawa da baƙi mu haɗa asusu, duk shekara a tallafa wa tawagar da za ta yi haƙa a Durɓi Ta Kusheyi, wurin tsofaffin kaburburan nan na jihar Katsina. Abin da aka tono shi zai jawo mana baƙi.

Malamin binciken kufai: Alhaji, niyya ta yi kyau, sai dai haƙar ita ce mai arha a aikin. Da farko dole a samu izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sannan a yanka rami mita 2 a kan mita 2, ana sauka santimita 10-10, ana tankaɗe ƙasa, ana zana kowane hawa. Gawayin da za a auna shekarunsa a naɗe shi cikin takardar alminiyom, a aika ɗakin gwaji a ƙasar waje, kowane samfuri da kuɗinsa. In asusu ya ƙare a bakin rami, an ɓata wurin ke nan, don ba a haƙa kabari sau biyu.

Mai adana kayan tarihi: Malam ya taɓo inda ke min ciwo. Kayan da aka tono a can a 1992 sai da aka kai su Mainz ta Jamus aka yi musu gyara. Tagulla in ta fito ta sha raɓa, wani koren gari ke tsiro mata yana cinye ta. Hauren giwa kuwa in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Ana buƙatar akwatin da iska ba ta shiga, da sinadarin tsotse danshi, da mai dubawa a kai a kai. Wa zai biya kuɗin wannan har shekara goma?

Mai otal: Hajiya, to mu naɗe hannu? Gwamnati ce ba ta sakin kuɗi.

Mai zagayawa da baƙi a Daura: Ni ina bayan Alhaji. Baƙon da ya zo rijiyar Kusugu, daga ya sha ruwa ya leƙa fada, shi ke nan sai mota. Da akwai sabon abin gani, da ya kwana.

Malamin binciken kufai: Nan ne tsorona, ɗan'uwa. Mai neman baƙi zinariya yake so a gani, alhali guntun tukunya da ƙashin dabba su ke gaya mana abin da mutanen suka ci. Ku ba da kuɗin, amma masana su zaɓi aikin, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa rabi na adanawa ne da buga rahoto.

Mai adana kayan tarihi: A ƙara da cike ramin kafin ruwan farko, da albashin mai gadi daga ƙauyen. Da zarar labarin zinariya ya bazu, masu tonon dare ke biyo baya.

Mai otal: Rabi ya yi yawa, Malam. Amma kawo lissafin a rubuce, in kai wa 'yan'uwana mu duba.