Carrying capacity: me za mu ce a rediyo?

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu ɗauki shiri kan kiwo, kalmar carrying capacity, wato yawan dabbobin da fili zai iya ciyarwa, ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "ƙarfin makiyaya".

Malamin Dabbobi: Hajiya, mai sauraro zai ɗauka mutane ake nufi. Abin da ake aunawa ciyawa ce. Ƙarshen Satumba a yanke ta murabba'in mita ɗaya a wurare da dama, a shanya har nauyi ya daina raguwa. Giram 150 na nufin kilo 1,500 a hekta. Kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa, sauran na gara ne da iska da tattakewa. Saniyar lissafi mai kilo 250 tana cin kilo 6.25 a yini, wata tara na rani kusan tan 1.7, wato tana buƙatar hekta uku da ɗoriya. In an auna ciyawar ɗanya, lissafi ya lalace.

Ɗan Gobir: "Cin fili" mana, kamar mota mai cin mutum goma.

Malamin Dabbobi: Cin fili kuma? Sai a ji kamar manomi ya shiga burtali.

Baban Nahawu: Ɗaukau. Gajere, Bahaushe tsantsa. Kuma ku daina cusa mana "hekta" da "naitirojin".

Ɗan Gobir: Baba, ɗaukau wa ya taɓa jin ta? Mu nan Maraɗi azot muke ji a maimakon naitirojin, ba mu ce Kano ta bi mu ba.

Baban Nahawu: Daidaitacciyar Hausa ba a Maraɗi aka tsara ta ba.

Masaniyar Ƙasa: Ku bar gardamar gari. Duk kalmar da aka zaɓa kada ta nuna adadin a tsaye yake. Ruwa na juya shi kowace shekara. Binciken da aka yi a Mali, wanda ya fito 1982, ya nuna in ruwa ya haura kimanin milimita 300, ƙarancin sinadaran ƙasa, naitirojin da fosfaros, ke taƙaita ciyawa fiye da ruwan. Kiwo kuma in ya yi yawa farkon damina, garmani da tafasa su maye gurbin kyasuwa. Fili kore shar, awo ya yi nauyi, shanu na yunwa.

Mai Shirin Noma: To zan ce "ƙarfin wurin kiwo na bana", in bi da bayani.

Baban Nahawu: Kalma biyar a gurbin ɗaya. Ki yi don gobe, amma ɗaukau na nan.