Matan gyare sun ƙi kula sifika, furojet ɗina na neman lalacewa

Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin ƙwari ku taimaka min. Ina aji huɗu, furojet ɗina akan yadda macen gyare take zaɓar namiji ta hanyar kukansa ne. Na ɗauki kukan maza da waya tun watan Afirilu lokacin zafi, yanzu cikin hunturun nan nake kunna wa matan a cikin kwali, wallahi cikin goma da ƙyar biyu suke matsowa wajen sifikar, sauran ko gezau. Sufabaiza na ya ce in sake komai daga farko, ni kuma kuɗi sun ƙare. Me na yi ba daidai ba?

'Yar Zariya: Ƙanina kukan bazara kake kunna wa matan hunturu ai. Gyare jikinsa da zafin gari yake tafiya, namiji fukafukansa yake gogawa, in da zafi ya yi sauri in da sanyi ya ja a hankali. Ita ma macen saurin da take so yana sauyawa da zafin jikinta, an gwada haka a gyaren Amurka, wadda ke cikin sanyi ta fi bin kuka mai jan jiki. Toh naka ya yi mata sauri, wataƙila ma ta ɗauka wani jinsi ne daban. Tun 1897 wani masanin kimiyya na Amurka Amos Dolbear ya fitar da lissafin gane zafin gari daga ƙirga kukan gyare, amma kar ka ɗora lissafinsa akan namu, ba irinsu ɗaya ba.

Manomi: Mu dai a gona in sanyi ya kankama ko kukan ba ma ji sosai. Kuma ka tabbata matan ba su riga sun haɗu da maza ba kafin ka kamo su? Wadda ta samu miji me za ta yi da sifika 😂

Tsohon Malami: Maganar Manomi gaskiya ce, ka ware matan tun kafin su fitar da fukafukai. Sannan ɗana kar ka zubar da sakamakon nan, shi ne ma furojet ɗin. Ka ɗauki sabon kuka yanzu, ka rubuta zafin ɗakin duk gwaji, ka kwatanta biyun. A babi na biyu ka sa labarin tsibirin Kauai na Hawaii, can akwai wani ƙuda Ormia ochracea da yake bin kukan namiji ya zuba masa tsutsa ta cinye shi ta ciki, wajen 2003 wata masaniyar halittu Marlene Zuk da abokan aikinta suka tarar da maza marasa kuka, cikin 'yan shekaru sun haura kashi 90 cikin 100. Sai su laɓe kusa da mai kuka su tare macen da ta zo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Baba. Gaskiya matan a bayan hostel na kamo su da girmansu, ban ware komai ba. Ma'aunin zafin na kemis zai yi ko sai na lab?

'Yar Zariya: Na kemis na zazzaɓi ne, ba ya sauka zuwa sanyin ɗaki. Ka aro na lab, kuma da daddare za ka yi gwajin, ka kashe fitila.