Kuran ya ɗauke, saiti ya tafi: laifin wa?

Mai sibar, Zango: Salamu alaikum. Jiya kuran ya ɗauke ina cikin canza saitin sabar da ke raba wa kwamfutocina intanet. Da ya dawo, fayil ɗin saitin ko harafi ɗaya babu. Kwastoma suka watse. Ni dai na ce baza saiti a fayilolin rubutu cikin /etc, jakar saitin Linux, aikin dā ne. Tsarin fayil da kansa ya kamata ya riƙe canji: ko ya shiga gaba ɗaya, ko kada komai ya taɓu, kamar a rumbun bayanai.

Mai gyara, Birni: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma wannan sakaci ne. Ana rubuta sabon saiti a wani fayil daban, a kira umarnin fsync ya sauke shi kan faifai, sannan umarnin rename, mai canza sunan fayil, ya ɗora shi kan tsohon. Ko tsohon ka tarar ko sabon, babu rabi.

Mai sibar: Sakaci? Ni na rubuta manhajar?

Ɗalibar jami'a: Yaya, kalmar ta yi nauyi. A 2009 masu gwada tsarin fayil na ext4 a Ubuntu, wani nau'in Linux, sun tarar da fayilolin saitin manhajojin KDE fanko bayan na'ura ta mutu, don ext4 na jinkirta sauke bayanai kan faifai. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya ce manhajoji su riƙa kiran fsync, amma duk da haka sai da aka yi gyara a Linux 2.6.30. Su ma masu sakaci ne?

Mai gyara: Masu manhajar nake nufi, ƙanwata.

Mai sibar: Ni ka amsa wa. Tun kana lise nake wannan sana'a.

Malamin lise: Sakaci na gaske shi ne a buɗe sibar a Damagaram babu ondilar, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta in kuran ya ɗauke.

Mai sibar: Akwai, Malam. Batirinsa zafi ya kashe. Kai za ka saya mini?

Mai buga takardu, Sabon Gari: Ku koma Windows ku huta. Tun Windows Vista tsarin fayil ɗinta, NTFS, ke da abin da Alhaji yake nema, ana ce masa TxF.

Ɗalibar jami'a: Microsoft da kanta ta shawarci masu manhaja su nemi wata hanya. Amma a duba, Alhaji yana da hujja: rename fayil ɗaya kawai yake karewa. In canjin ya shafi fayil biyu, wuta ta ɗauke a tsakani fa? Shi ya sa Firefox ke ajiye tarihin bincike a rumbun bayanai na SQLite.

Mai gyara: Mai buga takardu, kwamfutarka da ƙwayar cuta ta cinye bara, wa ya tashe ta?

Mai buga takardu: Na biya ka, ba kyauta ka yi ba.

Malamin lise: A Zango ko gyara aka yi muku sai kun yi ciniki.

Mai sibar: To ga shi, an koma zagin unguwa.

Shugaban zaure: Ya isa haka, jama'a. Abin da aka tsayar: fayilolin rubutu ba su da laifi, /etc na nan daram, Windows ba mafita ba ce, kowa ya gyara ondilarsa. Kalmar sakaci kuma nasiha ce mai gyara ya yi, kowa ya san halinsa, mu da muka tashi tare a Birni.

Ɗalibar jami'a: Shugaba, ba wanda ya amsa maganar fayil biyu.

Mai sibar: Ya janye sakacin tukuna.