Me za mu kira slab serif da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan koyar da ɗaliban zanen talla, na tsaya cak a kan slab serif. Salon haruffan bugu irin su Rockwell da Clarendon nake nufi, inda ɗan guntun layin da ke bakin sandar harafi yake da kauri kusan kamar sandar kanta. A taimaka.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. "Harafi mai kofato." Na daɗe ina amfani da shi.

Mai buga littattafai: Malam, kofato a ƙasa yake. Buɗe Rockwell ka dubi babban A, akwai guntun a kwance bisa kansa. T kuma yana da shi a hannuwa biyu. Ni "mai dakali" nake cewa, don faffaɗa ne, a shimfiɗe, da nauyi.

Malamar zane: Gaskiyar Baba. Ƙanena, ka kuma nuna musu bambanci: dakalin Rockwell na 1934 kusurwarsa tsaf take, na Clarendon na 1845 kuwa yana lanƙwasawa kaɗan inda ya haɗu da sanda. Mai kaurin nan na kanun labari ne da fosta da allon sanarwa, abin da za a karanta daga nesa. Ka jera shi ƙanana a dogon sakin layi, shafi ya yi baƙi ƙirin, cikin e da a ya toshe.

Wani ɗalibi: Tunda Turawa sun taɓa kiransa na Masar, me zai hana mu ce "Bamasare"?

Mai buga littattafai: A'a ɗana. A Landan wani maƙerin haruffan bugu, Vincent Figgins, ya fito da shi a 1815. Yayin kayan Masar ake yi a Turai bayan yaƙin da Napoleon na Faransa ya kai Masar a 1798, shi ne aka laƙaba masa sunan. Ba shi da haɗi da ƙasar.

Wani ɗalibi: To a rubuta "silab sarif" a huta. Kwamfuta ma aro ce.

Malamin Hausa: Wannan lalacin ne ke kashe mana harshe! Na'ura mai ƙwaƙwalwa fa, wa ya hana ka faɗa? Kofato dai, domin harafin a kansa yake tsaye.

Malamar zane: Malam, in kishi ake yi, a fara da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa cikin waɗannan haruffa masu kauri ba su da masu lanƙwasa, sai ka ga siririyar ƙ ta wani salo ta faɗo tsakiyar kanu. Wannan ya fi suna ci mini rai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan ce "harafi mai dakali", in ambaci na Turancin sau ɗaya a farko.

Malamin Hausa: Yi yadda ka ga dama. Ni a ajina kofato ne.