Ruwan kiranberi da zafin fitsari: magani ne ko rigakafi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sau uku ke nan cikin shekara ɗaya ciwon mafitsara yana kama ni. Fitsari da zafi kamar an zuba barkono, mara ta yi nauyi, in tashi sau huɗu cikin dare kuma abin da zai fito bai cika cokali biyu ba. Kowane karo sai an gwada fitsari an ɗora ni a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wallahi na gaji. Ƙanwata ta kawo mini kwalbar ruwan kiranberi (wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye masu tsami) tsantsa, ja wur. Kurɓa ɗaya na yi sai da idona ya kawo ruwa don tsami da bauri, yau kwana shida tana firji. Da gaske yana maganin wannan ciwo? Yaya ake sarrafa shi ya shawu? Ga Mama kuma tana son ta ɗanɗana, amma tana kan maganin tsinka jini.

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba da lafiya. Bari in fara da Mama don shi ya fi damuna: in warfarin take sha, kada ta taɓa sai likitanta ya amince. An samu waɗanda jininsu ya tsinke fiye da kima bayan sun haɗa su biyun, har hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai.

Ke kuma, rigakafi ne, ba magani ba. Yawancin wannan ciwo ƙwayar cutar E. coli ce ke kawo shi. Daga hanji take, ta hau mafitsara ta manne a jikin bangonta da wasu 'yan gasu da take da su. A cikin kiranberi akwai sinadarin da ake taƙaita sunansa PAC, shi ke hana ta samun wurin kamawa, sai fitsari ya wanke ta. To wadda ta riga ta kama ta hayayyafa fa? Ko kwalba goma kika shanye tana nan. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 50, ta ga cewa a matan da ciwon ke yawan dawo musu, kiranberi na rage dawowar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ragewa ce, ba kawarwa ba, kuma sai an lizimci sha kullum, kamar mililita 240 a rana. Ranar da zafin ya dawo ki tafi asibiti, musamman in akwai zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, don yana iya haurawa ƙoda. In kin taɓa yin tsakuwar ƙoda ma ki faɗa wa likita tukuna, kiranberi na da sinadarin okzalet da kan taimaka wajen haɗuwar tsakuwar.

Mai Son Girki:
Yaya, kada ki zubar! Tsantsarsa ba a yi masa shan ruwa. Ni rubu'in kofi nake zubawa, in cika da ruwan sanyi, in matse rabin lemon zaƙi. Baurin sai ya kwanta.

Amma inda na fi ƙaunarsa a tukunya ne. Kofi biyu na ruwan, zuma cokali biyu, ɗanyar citta gurzajjiya da ɗan gishiri, a wuta kaɗan kaɗan har ya ƙone ya koma kamar rabin kofi. Za ki ga kumfar ta yi manya tana fashewa a hankali, in kin tsoma cokali ya fito da jan rufi mai sheƙi. Ki shafa wa kaza minti goma kafin ki fitar da ita daga oban. In kin shafa da wuri zumar ƙonewa take yi. Tsamin yana yanke maiƙon nama, shi ya sa a Amurka da Kanada ba sa cin talotalon bikin godiya sai da miyar kiranberi a gefe. Ina kuma sa shi a madadin ruwan kal in zan haɗa salak da man zaitun.

Abban Yara:
Hajiya, ki riƙa juya kwalba kina karanta bayanta. Da yawa daga cikin masu daɗin sha kiranberin cikinsu bai wuce kashi 27 cikin 100 ba, saura ruwa ne da sukari, sukarin kofi guda kan kai cokalin shayi bakwai. Ni mai ciwon suga ne, na sha irinsa wata guda ina ganin lafiya nake nema, sai na'urar awo ta nuna mini akasin haka.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, warfarin ɗin ne kuwa, na duba kwalin, na kuma ɗauke kwalbar daga inda Mama ke gani. Na gwada haɗin lemon da safe, ya shiga lafiya. Ranar Litinin ina da ganin likita, zan tambaye shi ko in ci gaba da ruwan ko in koma na ƙwaya.